Duron Wake a Gidan Mai Aski

Mijina mai aski ne, kuma duk layinmu ba mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Rediyo suke ce masa. Shi kansa in ya buga waya sai ya ce, "Rediyo ne ke magana." Mutumin kirki ne, ba ya shaye-shaye, ba ya zagi, kuma shekara goma sha shida da muka yi tare bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Aibinsa ɗaya ne: Allah bai halicce shi da iya ganin abu a rufe ya wuce ba. In na ɗora tukunya, kafin ta tafasa ya ɗaga murfin sau uku. In maƙwabci ya ba shi ajiyar ambulan, sai ya ɗaga ta saitin rana yana kanne ido. Bakinsa kuwa ba a magana. Wanda ya zauna a kujerarsa don askin minti goma, zai tashi da labarin unguwa kaf, har da na gidansa da shi kansa bai sani ba.

Gidanmu ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, sai shagon askin da ke manne a gaba, ƙofa ɗaya ce tsakaninsu. Muna can ƙarshen layi inda gangare ya ƙare, wato duk ruwan da aka yi a sama mu ake kawo wa. Da damina bango yakan jiƙe har gwiwa. Gishiri ya narke a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa, takalmin fita ka ajiye shi mako guda ka dawo ka tarar ya tsirar da koren gemu.

Cikin wannan gida surukata, Inna, take aiko mana da wake buhu uku duk kaka, daga gonar da marigayi mijinta ya bari. Kowace shekara saƙonta ɗaya ne: a yi tattali, ya kai wata kakar.

Bai taɓa kaiwa ba. Ba mu da sito, don haka a ɗakin kwananmu muke jingine buhunan. Wata biyu sai ka ga ƙwaro ɗaya yana yawo a bakin buhu kamar mai neman gidan haya. Wata uku ya kawo dangi. In aka shiga damina kuwa, da rana tsaka in gari ya yi tsit, kana jin ƙas-ƙas-ƙas daga cikin buhun, suna cin abincinmu a gabanmu ko bisimilla babu. Ɓeraye su fasa ta ƙasa, danshi ya kama ta bango, waken ya yi funfuna ya dunƙule. Muna da muzuru, 'yan biyuna mata suka sa masa suna Kansila, don ba a ganinsa sai ranar rabo. Na taɓa ganin ɓera ya tsallake wutsiyarsa, Kansila ya buɗe ido ɗaya ya duba, ya mayar ya rufe.

In na dafa waken, sai na tsaya da ludayi ina kwashe gawawwaki daga saman ruwa. 'Yan biyu su ture kwano. Ubansu ya ja gabansa ya ce, "Ku ba ku san gata ba. Wake da nama, kuma naman kyauta."

Mun gwada magunguna. Inna ta ce a zuba toka da dakakken barkono. Muka zuba, muka yi kwana uku muna atishawa, ƙwarin kuwa kamar yaji aka barbaɗa musu. Shekarar da ta biyo maigida ya sayo wata farar hoda a wajen wani mai lasifika a kasuwa, leda mai hoton ƙoƙon kai. Kafin in dawo daga aiki ya zazzage ta a buhu biyu ya cakuɗa da hannunsa. Washegari ƙwarin suka fito fari fat, suna tafe a jere kamar an yi musu kwalliya za su biki. Ko ɗaya bai mutu ba.

Ni mai shara ce a wani kamfanin lemon kwalba, ƙarfe bakwai na safe zuwa huɗu na yamma. Cikin ɗakunan da nake gogewa akwai ɗakin gwaji, inda wata mata mai farar riga take auna ruwa da sukari kafin a zuba a kwalabe. Anti nake ce mata ko da yake na girme ta, ita kuma tana kirana Maman 'Yan Biyu kamar kowa. Ita na kai wa ragowar hodar nan, don hankalina bai kwanta da ita ba. Ta shinshina, ta zuba a wani ruwa, ta jijjiga, sai ta zauna tana dariya har da riƙe ciki.

"Alli ne aka daka," ta ce. "Ki gode wa Allah da ya haɗa mijinki da ɓarawo. Da na gaske ya samo ya zuba haka, ku zai fara kashewa kafin ƙwarin."

"To Anti, ya zan yi? Kowace shekara rabin waken nan ƙwari nake noma wa."

"Ƙwaro yana numfashi ko ba ya yi?"

"Ban taɓa sa kunne ba."

"Yana yi. Shi da ƙwansa da tsutsarsa, duk iska suke sha kamar ni da ke. Tun daga gona suke shigowa cikin waken. In kika zuba shi a abin da iska ba ta shiga, kika cika shi taf, kika rufe, su da kansu za su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu. Ba magani, ba hoda. Danshi ma ba shi da ƙofar shiga, ɓera kuma sai dai ya lashi roba."

Ta kai ni bayan kamfani inda ake tara shuɗayen durorin roba da ake kawo ruwan sukari a ciki. Kowanne da murfi mai zoben roba, da wani zoben ƙarfe da ake maƙale bakin da shi. In sun taru akan sayar wa ma'aikata da araha, mutane na tara ruwa a ciki. Ta nuna mini waɗanda zan ɗauka da waɗanda ko kyauta aka ba ni kar in taɓa, wato na sinadarin wanke inji.

"Sharaɗi biyu ne," ta ce. "Na farko, waken ya bushe ƙarau. Ki sami busasshiyar kwalba, ki zuba wake da gishiri busasshe, ki jijjiga, ki ajiye jim kaɗan. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, ki mayar da waken rana. Na biyu, in kin rufe kin rufe. Duk buɗewa ɗaya, kin ba su sabon numfashi."

Da ta faɗi na biyun sai na tuna da halin mijina, amma na bar abin a raina. Ba a tona asirin miji a wurin aiki.

Da kaka ta yi, buhu uku suka iso. Na riga na wanke duro biyu na kife su a rana har ƙamshin sukarin ya fita. Na shimfiɗa tamfol a ƙofar shago muka baza waken kwana huɗu, maigida yana aski yana korar awakin maƙwabta da tawul. Rana ta biyu gishiri ya manne a kwalba. Rana ta huɗu ya zube ƙasa wasai. Na jera bulo na ɗora katako a ɗakinmu, nesa da bango. Duro ɗaya a bakin ƙofa, ɗayan can lungun bayan gado. Na cika su har baki, na danna murfi, na maƙale zobe. Na bayan gadon na ɗora masa akwatin tufafina da manyan tukwanen da ba a amfani da su, don ba ni da inda zan sa su. Kusan rabin buhu ya rage, shi na bari a waje muna ci.

Sannan na zaunar da maigida.

"Baban 'yan biyu, don girman Allah, duron nan ba tukunya ba ce. Sai damina ta yi nisa za a buɗe."

"Ni ina ruwana da duronki? Roba ce za ta kashe abin da barkono ya kasa? In dai ƙwarin da na sani ne, har ɗaki da falo za su yi a ciki."

"Ka dai yi mini alkawari."

"Na yi. Ko kallonsa ba zan yi ba."

Kuma na yarda da gaske yake a lokacin. Mako biyu bai taɓa ba. Abin da ya faru, kamar yadda na ji daga baya, wani Direba ne ya zo aski yana kukan ƙwari sun cinye masa masara. Maigida ya ce ai shi ya daɗe da gama da wannan matsala, akwai wata fasaha da ya ƙirƙiro. Direba ya ce ƙarya ne. To ka ce wa Rediyo ƙarya ne? Ya ajiye injin aski ya ce, "Taso, gani ya kori ji."

Ni ban san komai ba. Abin da na lura da shi kawai, mutanen layi sun fara gaishe ni da wata irin fara'a. Mai kanti ya ce, "Maman 'Yan Biyu, sannu da ƙoƙari, wake tubarkalla." Na ce a raina ai ya gan shi a tamfol. Bayan kwana kaɗan matar Direba ta tare ni a famfo ta ce, "Ashe mijinki injiniya ne ba mu sani ba? Maigidana ya ce waken naku sai ka ce jiya aka sussuke." Na yi yaƙe na wuce. Da na koma gida na duba zoben, yana nan a maƙale yadda na bar shi. Na tambayi maigida, ya ce, "Kin san mutane da surutu." Shi, Rediyo, yake ce wa wasu masu surutu. Nan ya kamata in gane.

Wata biyu da rufewa, wata Laraba injin kamfani ya lalace aka sallame mu da hantsi. Na iso gida na ga shago a buɗe, ba kowa a ciki, injin aski yana ta ƙara shi kaɗai a kan tebur. Na ji muryoyin maza daga ɗakin kwanana.

Su biyar na tarar. Direba yana zaune a bakin gadona. Mai kanti ya jingina da madubina. Wasu biyu ban ma san su ba. Ga Tsohon Soja, dattijon da ke gadin makarantar layinmu, da ƙyallen aski a wuya, rabin kansa tal rabi gashi. A tsakiya ga maigidana, murfin duro a ƙasa, hannunsa cikin wake har gwiwar hannu, yana jawabi.

"Abin da nake gaya muku, ilimi ne. Ƙwaro yana numfashi ko ba ya yi? To ni na zauna na yi nazari. Na ce in ka hana shi iska..."

Sai ya hango ni. Maganar ta maƙale. Ya zaro hannun a hankali, kamar in ya yi a hankali ba zan gani ba. Hannun ya fito baƙi ƙirin. Ƙwari ne, suna hawa suna sauka, wasu sun kai kafaɗa, ɗaya ya nufi kunne.

Tsohon Soja ya matso, ya leƙa cikin duron, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Injiniya, waɗannan dai da alama suna samun iska."

Direba ya faɗi a kan gadona yana dariya. Na ce, "Bayin Allah, ɗakin matar aure ne." Suka fita suna tuntuɓe da juna, ana jin dariyarsu har bakin titi.

Na rufe ƙofa na juyo.

"Sau nawa?"

"Ba wani da yawa ba ne."

"Sau nawa, Baban 'yan biyu?"

"A rana, ko gaba ɗaya?"

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na yi kuka, ba don waken kaɗai ba. Kwana huɗu na yi ina juya shi a rana bayan na dawo daga goge ɗakunan mutane, bayana kamar zai ɓalle. Shi kuma ya tsuguna yana karkaɗe ƙwari daga hammatarsa yana cewa ai yakan mayar da murfin da sauri, minti biyu kawai, wani lokaci biyar in tambayoyi sun yi yawa.

"Na bayan gadon fa?"

"Wallahi ban taɓa shi ba. Tukwanen nan naki in an taɓa su ƙara suke yi, kuma ban san yadda kika jera su ba."

Da na juye duron farko a tamfol, ban da ƙwari na tsinci gashin mutane iri-iri, baƙi da furfura, da mataji guda, da murfin biro. Rabin waken ya huje. Na tankaɗe, na shanya, na ba kajin maƙwabciya abin da ba zai ciwu ba, sauran muka koma cin wake da nama. Wannan karon ko shi bai yi wannan barkwancin ba.

A layi kuwa magana ta bazu cewa duro ƙarya ne. Sunansa ya koma Injiniya. Duk wanda ya zauna a kujera sai ya tambaye shi, "Ya 'yan haya? Suna biyan kuɗin wuta?" Wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da ya shekara ashirin yana ba da labarin kowa, yau ga shi ana ba da nasa a shagonsa, aska a hannunsa, ba damar ya yi fushi. Ya rame. Ni kuma na daina yi masa magana sai ta dole.

Ana cikin haka Inna ta zo. Yanar ido ce ta dame ta, aka ce za a yi mata aiki a asibiti, za ta zauna wajenmu har ta warke. A sanina uwa ba ta ganin laifin ɗanta, kuma wakenta ne na zuba a roba. Kwana biyu da yi mata aikin, tana zaune a tsakar gida da bandeji a ido ɗaya, ta ɗebi abinci ta kai baki ta tauna, ta tsaya.

"'Yar nan, wannan waken nawa ne?"

Na gaya mata komai. Ban rage ba, ban ƙara ba. Maigida yana tsaye a ƙofar shago yana goge almakashin da ba abin da ya same shi.

Inna ta juya idonta mai lafiya ta kafa masa.

"Zo nan."

Ya zo ya durƙusa, mutum mai shekara arba'in da biyar.

"Kin ga wannan?" ta ce mini. "Yana ɗan shekara shida kazata ta kwanta a kan ƙwai goma sha biyu. Kullum in na ƙirga sai in ga ɗaya ya ragu. Na zargi maciji, na zargi maƙwabta, har na daina gaisawa da wata baiwar Allah. Ashe shi ne. Kullum sai ya fasa ɗaya ya ga ko ɗan tsakon ya nuna."

"Inna, ai wannan ya wuce."

"Ina ya wuce? Ga shi ina taunawa." Ta juyo gare ni. "Ɗayan yana nan a rufe?"

"Yana nan, Inna."

"Ni ban yarda da robar nan taku ba. Amma tunda an fara, a bari a ga ƙarshenta. A kai mini tabarmata can."

Haka Inna ta tare a ɗakinmu, shi ya koma kwana a shago. In na tafi aiki tana nan zaune a gindin duro da sandarta da carbinta. Likita ya ce ta huta, ta ce ai hutawa take yi, gadin ɗanta kuwa ido ɗaya ya isa.

Maigida ya sha wahala, wannan kam gaskiya ne. Yakan shigo neman abin da bai ɓata ba. Ya zagaya gado, ya ɗan ƙwanƙwasa duron da yatsa, ya kara kunne. Wata rana 'yan biyu suka ji yana cewa, "Inna, in fa yana ruɓewa a ciki ba mu sani ba?"

"In ya ruɓe nawa ne."

"Ba buɗewa zan yi ba, ɗan ɗagawa kawai, in shinshina."

"Ka shinshini sandar nan."

Damina ta sauka da ƙarfinta. Bango ya jiƙe, ruwa ya shigo tsakar gida sau biyu, har ya taɓa bulon da ke ƙarƙashin katako. Idon Inna ya warke, aka cire bandeji, ta fara ganin ƙurar da ke saman ƙofa tana nuna mini, amma ta ce ba inda za ta sai an buɗe a gabanta. A kasuwa wake ya yi tsada, wanda ake samu ma duk huji ne. Namu na waje ya ƙare sarai.

Wata takwas cif da rufewa na ce ranar Asabar da safe za a buɗe. A karo na farko tun da na san shi, maigida bai gaya wa kowa ba. Tsoro yake ji. Ni ma ina ji, don in wannan ma ya lalace ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Na so a yi abin mu kaɗai, mu rufa wa kanmu asiri.

Da safen sai ga Tsohon Soja yana sallama. Bayansa Direba da matarsa, da mai kanti, da wasu mata uku.

"Wa ya kira su?" maigida ya tambaya.

"Ni," in ji Inna. "A gabansu aka yi abin kunya, a gabansu za a ƙarasa."

Maza huɗu suka mirgino duron zuwa tsakar gida. Na durƙusa na kama zoben ƙarfen, ya ƙi ɓalluwa don tsatsa ta ɗan kama shi. Maigida ya matso zai taimaka, Inna ta tare shi da sanda. Na sake ja da ƙarfi, ya ɓalle. Murfin ya riƙe kamar ana jansa daga ciki, sannan ya saki da 'yar ƙara, fuf.

Wake ne, fari tas, yadda na zuba shi. Na tura hannu har kafaɗa na ɗebo daga ƙasa, na baza a tire. 'Yan ƙwari ƙalilan ne a ciki, busassu, ƙafafu a sama. Tsohon Soja ya taɓa ɗaya da tsinke, bai motsa ba. Ya cire hularsa ya ce, "Wannan kam ya riga mu gidan gaskiya."

Inna ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta sa a haƙorin da ya rage mata mai ƙarfi, ta ciza, ya ce ƙas. Ta gyaɗa kai. Ba ta yaba ba, ita ba ta yabo, amma ta sake ɗaukar wata.

Maigida ya tsaya yana kallo, bakinsa a buɗe ba magana. Na ƙirga a raina, ya kai numfashi biyar. Sannan ya juya ga jama'a ya buɗe hannuwa.

"Ba na gaya muku ba? Tun farko me na ce? Ƙwaro yana numfashi ko..."

Sanda ta sauka a ƙaurinsa.

Matar Direba ta ture mijinta gefe ta tsuguna kusa da ni. "Maman 'Yan Biyu, rabu da su. A ina ake samun duron, kuma me ake yi da gishirin?" Na ɗauko kwalba na nuna musu. Muka yi kusan awa guda, mata a zagaye da ni, maza a baya suna miƙa wuya. Na gaya musu wadda ba ta da duro ta nemi jarkokin man girki ta wanke ta busar, in dai murfin yana da kyau. Ni ma abin da na yi ke nan a ranar, kamar yadda Anti ta ba ni shawara: na rarraba waken a jarka takwas, kowacce taf, don in an buɗe ɗaya sauran suna rufe.

Da yamma ina cika ta ƙarshe maigida ya zo ya tsuguna yana riƙe mini mazurari.

"Maman 'Yan Biyu," ya ce a hankali, "wallahi kullum sai na ce yau ba zan buɗe ba. Sai wani ya ce ƙarya ne."

"To in an ce ƙarya ne, mutuwa za ka yi?"

Ya yi tunani da gaske. "Ban taɓa gwadawa ba."

Na so in ci gaba da fushi, dariya ta ƙwace mini.

Ranar Litinin Inna ta ɗaure kayanta. Na shiga ɗaki na tarar ta sa 'yan biyu sun goge duron bayan gado sun ɗaura masa igiya.

"Inna, wannan fa?"

"Tafiya zan yi da shi. Ni ma ƙwari ba dangina ba ne."

"To ki ɗauki ɗayan mana, ai duk ɗaya ne."

"A'a. Wancan ya saba da buɗewa."

Muka raka ta tasha, maigida ɗauke da duro a ka, duk wanda muka wuce sai ya tsaya ya yi masa bayani. Direban motar ya ce za a ɗaure shi a sama. Inna ta ce ba a ɗaure mata kaya inda ba ta gani, yanzu da aka gyara mata ido. Ya ce to sai dai ta biya masa kujera. Ta ce duron da ba ya ci ba ya sha, ba ya amai a mota, ai shi ya kamata a yi wa ragi. Suka yi ta ja har fasinjoji suka sa baki. A ƙarshe aka tura shi tsakanin kujeru, ta zuba ƙullin kayanta a ciki, ta rufe, ta ɗora gwiwar hannu a kan murfin, wani malami mai jaka ya matse a gefe yana hararar robar.

Washegari na je bayan kamfani neman wani. Wajen wayam, ko ɗaya babu. Mai gadi ya ce tun jiya mutane ke zuwa, kowa ya ce shi ɗan'uwana ne, har da wani dattijo mai tafiyar soja da ya rantse shi kawuna ne, ya ɗauki biyu.

"Sai nan da mako uku," ya ce. "Kuma ki zo da wuri, danginki suna da yawa."